Hajiya mai tambaya kan damon da yaronta yake so a saya masa

Wa alaikumussalam Hajiya. Na ga tambayarki tun jiya da daddare, cewa yaronki ya ga ana sayar da ƙaramin damo a kasuwar tsuntsaye ya liƙe sai an saya masa ya ajiye a shiƙƙa, wato gidan hayar da kuke zaune a nan Saudiyya, kuma kina son sanin ina ake ganinsu a daji, sannan ya dace a riƙe su a gida ko bai dace ba. Na ga wasu sun ce ki saya kawai ai ba ya cizo. Dan Allah ki ɗan saurare ni kafin ki fitar da kuɗinki, dan ni na taɓa riƙewa kuma a hannuna ya mutu.

Shekarata goma sha ɗaya ina tuƙi a Riyad, kusan duk sati sai na kai kafil ɗina, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, wurin raƙumansa ta hanyar garin Rumah, to a nan na saba da su. Wanda Larabawa ke ce wa dabb shi ne damon da ake magana, mai ƙaton bindi duk ƙaya. Ba a tudun yashi mai laushi yake zama ba, ƙasa mai tauri da tsakuwa yake so inda ramin ba zai rufta masa ba, kuma inda akwai 'yan ciyayi, dan shi ganye da fure ne abincinsa. Da sanyi ba za ki gan shi ba sam, yana can ƙarƙashin ƙasa ya lafe. Daga ƙarshen Maris zuwa Mayu ne lokacinsa, sai kuma wajen Oktoba kafin sanyi ya kama. Ku fita da sassafe, ƙarfe takwas ta yi muku a can, ku nemi rami mai faɗin baki kamar jinjirin wata da sabuwar ƙasa a gabansa, ku tsaya nesa kamar taku talatin a kashe mota kowa ya yi shiru. Kar a sauka, yana jin takun mutum zai koma ciki kuma shikenan sai dai gobe.

Abin da zai burge yaron shi ne yadda yake canza kala. In ya fito da safe baƙi-baƙi yake kamar tokar murhu, ya baje cikinsa a kan tsakuwa ya shanya kansa, rana na dukansa yana washewa a hankali har ya koma fari-fari mai ɗan rawaya, sai ya ɗaga ƙirji a kan ƙafafun gaba ya juya kai yana duba ko akwai shaho, sannan ya taka ya je ya fara tsinkar ganye. Wlh na sha yin awa guda ina kallon wannan shayina ya huce ban sani ba. Abu ɗaya, ki ja masa kunne kar ya kuskura ya sa hannu a rami, kunama da maciji suna fakewa a ciki. In kuma kun ga wani siriri dogo mai fitar da harshe kamar maciji, wannan ba damo ba ne, shi Larabawa ke ce wa waral, shi nama yake ci kuma yana cizo yana bulala da bindi, a bar shi ya wuce.

To nawa labarin. Wani makiyayi ne ya ba ni ƙarami bai fi tafin hannu da rabi ba, na kawo shi ɗakina na sa a akwatin gilas irin na kifi, na zuba yashi, kullum latas da ruwa a murfin kwalba, ni a ganina gata nake masa. Ɗakin kuma mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kunne dare da rana. Satin farko wuni yake yana tura hanci a jikin gilas yana neman hanya har wurin ya saɓule ya yi ja. Daga nan ya daina, ni kuma na ce ya saba, ashe ƙarfi ne ya ƙare. Kin san kirarinsa, damo sarkin haƙuri, ba ya kuka ba ya ƙara, ba yadda za a yi ki ji yana wahala. Wajen wata na huɗu bindin nan da yake tara kitse a ciki ya tsotse, ƙafafun baya yana jansu a ƙasa, na taɓa haɓarsa na ji ta yi laushi kamar roba. Likitan dabbobin da na kai wa ya ce ƙashinsa ne ya lalace saboda rashin rana, wai hasken da jikinsa ke buƙata ya sarrafa sinadarin ƙashi ba ya ratsa gilas, ko da kuwa an ajiye akwatin a bakin taga. Kwana tara bayan nan na tashi asuba na same shi ya sandare a kusurwa. Dabbar da kan wuce shekara 20 a duniya, ni na gama da ita a wata huɗu, har yau in na tuna sai na yi istigfari.

Maganar addini, eh an ci damo a gaban Annabi (SAW), Khalid bin Walid ne ya ci a gidan Nana Maimuna, shi Annabi bai ci ba amma bai hana ba, yana cikin Bukhari da Muslim. Kuma malamai suna kafa hujja da ɗan tsuntsun Abu Umair, yaron nan da yake wasa da tsuntsu a zamanin Annabi (SAW) ba a hana shi ba, cewa yaro zai iya riƙe dabba in ana ba ta haƙƙinta. To nan ne gizo ke saƙar, haƙƙin. Matar da ta kulle kyanwa ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, duk mun san makomarta. Haƙƙin damo ba latas kaɗai ba ne, sai wurin shanya jiki mai zafin kusan digiri 50, da gefe mai sanyi da zai koma, da fitila ta musamman da ake canzawa duk bayan watanni, da fili dan in ya girma yana kai santimita 70. Wace shiƙƙar haya ce za ta ɗauki wannan, kuma wa zai ci gaba da yi in yaro ya gaji bayan sati uku?

Sannan ki tambayi mai sayarwar ina ya samo shi. Mafi yawa daga daji ake kwaso su, a ɗura ruwa a rami ko a sa tiyo daga salansar mota hayaƙi ya koro shi, na gani da idona, wasu ko fitowa ba sa yi. Shi ya sa suka yi ƙaranci, wuraren da nake ƙirga bakwai takwas a safiya ɗaya yanzu in na ga biyu na yi sa'a. Hukumar kula da namun daji ta ƙasar nan ta hana farautarsa, tarar riyal 3,000 ce, kuma jami'an tsaron muhalli suna zagayawa. Mu da muke zaune da iƙama, wato takardar izinin zama, ba mu da buƙatar irin wannan case ɗin. 'Yan uwa na Makka ku kuma kun san cikin iyakar harami ko korar abin daji ba a yi balle kamawa.

Kin kuma ce akwai ƙanwarsa mai rarrafe. Su damo da kunkuru da ƙadangare suna ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinsu ko suna da lafiya, tana sa gudawa da zazzaɓi, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta fi kayarwa. Ko wannan kaɗai ya isa ki dakata.

In babansa zai samu hutun Juma'a ko Asabar a watan Afrilu, su yi sallar asuba su kama hanya, a ɗauki ruwa da yawa, hula, takalmi mai rufe ƙafa, da ƙaramin madubin hangen nesa in akwai, kuma su tambaya kafin su shiga ko'ina dan wasu wuraren yanzu keɓaɓɓu ne sai da izini. In a Riyad kuke ya yi min magana ta inbox, in Allah ya kai mu sai mu jera motoci na nuna musu ramukan da na sani.