Tambayi Bakanike: Firam Mai Ƙafa Uku da Ya Fito Daga Kwantenar Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga. Ni mai walda ne a Panteka, Kaduna. A cikin gwangwan da aka sauke daga wata kwantenar Amurka na tsinci wani firam na bututun ƙarfe, marar nauyi, da hannu ɗaya nake ɗaga shi. Gabansa irin na babur ne, taya ɗaya, amma a baya akwai dogon aksil mai ɗaukar taya biyu. Babu lambar shasi, sai wata sitika da ta kusa gogewa. Waldarsa kuwa ban taɓa ganin irinta ba, kamar an jera kwabbai. Na wane irin abin hawa ne? Kuma zan iya ɗora masa injin Boxer in riƙa zuwa gona, yarana ma su samu na hawa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam mai walda. Kafin komai, ajiye injin yankan ƙarfen nan tukuna. Yadda ka kwatanta abin, ka tsinci dami a kala.

Firam ne na babur mai ƙafa uku irin na shiga rairayi da daji, wanda Amurkawa suka yi yayi daga 1970 zuwa wajen 1987. Honda ce ta buɗe wannan kasuwa a 1970 da wani mai suna US90, wanda daga baya ta mayar ATC90. Injinsa 89cc ne, kuɗinsa dala 595. Dillalan Honda na Amurka ne suka nemi abin da za su riƙa sayarwa lokacin hunturu, sa'ad da cinikin babura ke tsayawa. Wannan na farkon ba shi da shokozoba ko ɗaya. Manyan tayoyinsa masu kama da balan-balan, waɗanda ake wa iska kaɗan, kamar awo 2 kacal a ma'aunin iskar taya, su ne ke shanye gargada. Firam ɗinsa kuma falankin ƙarfe ne da aka matse a inji, ba bututu ba.

To matasan Kalifoniya da ke zuwa tuddan rairayi na Glamis ba su tsaya a yawon shan iska ba, tsere suka fara. Mutum ya yi tsalle daga kan tudu ya dira, firam ya lanƙwashe, shi kuma bayansa ya gaya masa. Daga nan ƙananan garejoji suka shiga ƙera nasu firam ɗin da bututun wani ƙarfe da ake kira kuromoli, mai lamba 4130, irin wanda ake yi wa ƙananan jiragen sama ƙashi da shi. Sai su sa masa shokozoba gaba da baya, su ƙara masa tsawo, mai saye ya kwance injinsa daga firam ɗin kamfani ya mayar kan sabon. Wasu ma injin babur na tseren daji suke cirowa su dasa. Masu irin sana'arka ne, Malam, walda da tunani kawai. Shi ya sa ba ka ga lambar shasi ba: ba daga babban kamfani ya fito ba, kuma sau da yawa 'yan kaɗan ake ƙerawa.

Kasuwar tasu ta fara ja da baya a 1981, da Honda ta fitar da ATC250R mai shokozoba gaba da baya tun daga kamfani. Kawasaki ta biyo da Tecate a 1984, Yamaha da Tri-Z a 1985. Abin da ya rufe babin gaba ɗaya shi ne haɗura. Mutane da yawa sun mutu, cikinsu har da yara ƙanana, har gwamnatin Amurka ta kai kamfanonin kotu. A 1988 aka yi yarjejeniyar daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a ƙasar, aka koma masu ƙafa huɗu, irin wanda Suzuki ta fara fitarwa a 1982.

Wannan ya kawo mu kan maganar yaranka, kuma a nan ba zan yi maka kara ba: kada ka ɗora su. Mutum na ganin taya uku sai ya ɗauka ya fi babur zama daram. Ba haka ba ne. Aksil ɗin bayan nan sanda ɗaya ne, tayoyin biyu gudu ɗaya suke yi ko a kwana. Adaidaita Sahu tana da giyar da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu, wannan ba shi da ita. Ka juya kai, shi yana son miƙewa. Sai ka taka matakin waje da ƙarfi, ka karkato da jikinka ciki, tayar ciki ta ɗan saki ƙasa, sannan ya sha kwanar. Ka yi kuskure da gudu, ya kife a kanka. Ni na taɓa hawan wani tsoho a gonar wani mutum. Na zo kwana, ya yi kamar zai tashi, sai na yi abin da duk ɗan babur ke yi, na sauke ƙafa. Tayar baya ta hau dunduniyata ta fizgo ni ƙasa. Sati uku ina sallah a zaune.

Batun inji kuwa, sai ka duba kunnuwan da ake ɗaure shi. In an yi firam ɗin don ƙananan Honda ne, injinsu a kwance yake, silinda na kallon gaba, kamar na roba-roba. Na Boxer a tsaye yake, ba zai zauna ba sai ka yanke bututu, kuma da ka yanke ka kashe darajar abin. Injin roba-roba na 'yan Cana yakan hau gurbin injin ATC70, ƙaramin mai ƙafa uku na Honda, ba da wata wahala ba, amma gurbin ATC90 da ATC110 sai an yanka masa faranti na musamman. Ko ya zauna, sai sifoket ɗin gaba da na baya sun yi layi ɗaya, in ba haka ba cen zai yi ta zamewa.

Ka wanke shi da kananzir ka duba wuyansa, inda kan babur ke shiga, da gindin kunnuwan inji, da inda hannun baya, wato ƙarfen da ke riƙe aksil, ke juyawa. Nan ne tsagewa ke fara fitowa, siririya kamar gashi. Girgiza shi kusa da kunnenka. In ka ji kamar yashi na zuba a ciki, tsatsa ta ci bututun daga ciki, ko da wajen yana ƙyalli. Sannan ka ja zare daga tsakiyar wuya zuwa kowane bakin aksil. In tsawon biyun bai zo ɗaya ba, ya taɓa shan kaye. Kuma don Allah kada ka kusance shi da waldar lantarki mai sanda. Bututun siriri ne, za ka huda shi, kuma wurin da ya sha zafi fiye da kima yakan karye daga baya. Waccan walda mai kama da kwabbai da ta burge ka ta argon ce, da ita ko da ta gas a hannun gwani ake gyara shi.

Da ni ne, ba zan kankare shi ba, ba zan yi masa fenti ba, sitikar nan kuwa ko ruwa ba zan bari ya taɓa ta ba, don ita ce kaɗai shaidar garejin da ya ƙera shi. A Amurka har yanzu akwai masu tara irin waɗannan, kuma sun fi son su da tsufansu. Na gona kuwa, Boxer ɗinka yadda yake ya fi shi ɗaukar buhun taki, kayan gyaransa kuma ga su nan a bakin shagonka. Tayar wannan kaɗai sai ka wahala kafin ka samu.

Ɗauko mini hoton sitikar da rana, ka haska ta daga gefe don rubutun da ya goge ya fito, da hoton kunnuwan injin da awonsu. Turo ta adireshin mujalla.