Tambaya da Amsa: "Anti, in ajiye aikin bankin nan ko in daure?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Don Allah ki ɓoye sunana. Ni kashiya ce a wani banki a nan Kano, amma 'yar kwantiragi ce, wani kamfani ne ya ɗauke mu ya tura mu bankin. Wallahi Anti 'yan unguwarmu gani suke a kan kuɗi nake kwana, ko biki za a yi sai ki ji ana a kai wa 'yar banki kati, alhalin albashina ko rabin na wanda muke zama kanta ɗaya da shi bai kai ba saboda shi famanan ne, wato ma'aikacin dindindin. Bakwai da rabi ina ofis, ƙarfe huɗu a rufe ƙofa amma mu ba tashi sai lissafi ya daidaita, wataran har bayan isha'i. Yanzu kuma an ɗora mana taget na buɗe asusu da kawo difozit kamar 'yan maketin, duk Litinin manaja ya tara mu mitin ya yi ta zazzaga mana masifa. Satin da ya wuce kuɗin kantata suka yi shot, wato suka gaza, da dubu arba'in, madam ɗin sashenmu ta ce in cika daga aljihuna a yi shiru kar maganar ta je hedikwata. Na gaji Anti, in ajiye ne ko in daure? Daga ƙanwarki a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da dubu arba'in ɗin nan don ita ce ta fi tayar min da hankali, sauran duk gajiya ce, wannan kuwa tana iya kai mutum gaban 'yan sanda ko EFCC. Idan kuɗi suka yi shot a kantarki ki nemi a rubuta, a sake ƙirga, a bi takardun ranar ɗaya bayan ɗaya, a duba kyamara. Sau da yawa ba ɓata kuɗin suka yi ba, shigarwa aka yi sau biyu ko wani kwastoma aka ba ƙari a cikin rububin layi, kuma akwai masu tsoron Allah da suke dawowa da shi washegari. In an gama bincike aka ce ke za ki biya to ki biya, amma a rubuce da sa hannun madam ɗin. Ita fa ba ke take rufa wa asiri ba, sunan reshenta take karewa kar odita ya rubuta ta. Yau kin cika shiru, gobe in ya zama dubu ɗari huɗu wa zai tsaya miki shaida cewa kin taɓa faɗa? Kuma ko da wasa kar ki taɓa asusun wani kwastoma da ya daɗe bai motsa ba ki ce aro ne zuwa ƙarshen wata, kar ki ba kowa lambobin sirrinki na shiga kwamfuta ko da oga ne ya ce sauri yake zai yi amfani da su minti biyu, duk abin da aka yi da su sunanki ne zai fito, ranar da asiri ya tonu kuma zai ce shi bai san zancen ba.

Maganar kwantiragi kuwa, ki ɗauko takardar da kika sa wa hannu ki karanta ta a nitse yau ɗin nan. Za ki ga a takarda ba bankin ne ubangidanki ba, kamfanin da ya turo ki ne, shi ya sa in kin je wajen manaja da kukan albashi zai ce ki je wajen kamfaninku, kamfanin kuma ya ce abin da banki ya ba su ke nan. Da gangan aka tsara abin haka, don ya rage wa banki nauyin alawus da ƙarin girma da kuɗin sallama, kuma da yawa daga cikin waɗanda kwastoma yake gani a kanta da bakin ƙofa da 'yan yawon buɗe asusu haka suke. Duk da haka ba baiwa ba ce ke. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari ma'aikaci ya zuba kashi 8, to ki duba ko saƙon kamfanin fanshonki yana shigowa, don akwai kamfanonin da suke yanka a albashi su ƙi turawa sai mutum ya bar aiki ya je ya tarar da asusu wayam. Akwai ƙungiyoyin ma'aikatan banki, NUBIFIE ta ƙananan ma'aikata da ASSBIFI ta manya, sun daɗe suna kuka kan wannan tsarin duk da dai ba kowane banki ne yake son jin ɗuriyarsu a reshensa ba. Akwai kuma kotun ma'aikata ta ƙasa, tana da reshe a nan Kano, ita kuma takarda take ji ba rantsuwa ba, saboda haka ki adana takardar ɗauka da ta albashin kowane wata da duk takardar tuhuma (kwari) da aka taɓa ba ki tare da amsar da kika bayar, a gida za ki ajiye ba a dirowar ofis ba.

Shi manajan naku ba zan wanke shi ba, cin mutunci a gaban mutane ba shugabanci ba ne. Amma in da za ki ga yadda shi ma ake wanke shi a mitin ɗin shiyya da kin gane inda masifar take gangarowa, hedikwata ta ɗora wa shiyya, shiyya ta ɗora wa manaja, shi kuma ya juye a kanku, kamar tuwon da aka sauke da zafi kowa na miƙa wa na kusa da shi. Inda nake so ki yi taka-tsantsan shi ne hanyar cika taget ɗin. Na san yadda ake yi, a bi dangi gida-gida har da kaka a buɗe mata asusun da ba za ta taɓa sa kobo ba, a roƙi wani alhaji a Kantin Kwari ko Singa ya ajiye kuɗi kwana uku a ƙarshen wata ya kwashe ranar ɗaya ga wata. Wannan da sauƙi. Wanda ba sauƙi shi ne alhajin da zai ce ki kawo masa fom ɗin har masaukinsa da daddare, shi kam ki bar masa difozit ɗinsa, kuma duk ogan da ya ce miki "ki yi duk yadda za ki yi" ki ce ya turo miki a rubuce ki gani ko zai iya.

In ajiye ko in daure? Ni ba zan ce ki ajiye gobe ba a wannan tsadar rayuwar, amma kar ki daure haka kawai ba lissafi. Ki tambaya ko bankinku yana jarrabawar mayar da 'yan kwantiragi famanan, da shekarun da suke yankewa, don wasu suna da iyakar shekaru mutum yana zaune yana jira sai ya wuce. Ki fara jarrabawar CIBN, cibiyar ƙwararrun ma'aikatan banki, in da hali, ki dinga tura takardunki wasu wuraren a ɓoye, bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa irin su Jaiz da TAJ ma suna ɗauka, sai dai kar ki ɗauka can ba taget, akwai shi. Ki sa wa kanki wa'adi ki faɗa wa mutanen gida gaskiyar albashinki, ko katin biki ya ragu.

TAMBAYA: Anti ni ɗan maketin ne a Kaduna, tun da aka fara maganar ƙarin jarin bankuna kullum raɗe-raɗi ake a ofis wai za a haɗe mu da wani banki. In an haɗe korarmu za a yi?

AMSA: Ɗana tsoron naka ba na banza ba ne. A 2004 Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya ce kowane banki ya tara naira biliyan 25, kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25, rassa suka haɗe mutane da yawa suka koma gida. A Maris 2024 gwamnan Babban Bankin, Cardoso, ya sake ɗaga jarin, biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, 200 ga na ƙasa, 50 ga na shiyya, da wa'adin 31 ga Maris 2026, sannan a Yunin 2024 aka ƙwace lasisin bankin Heritage. In bankuna biyu suka haɗe kuma kowanne yana da reshe a titin Ahmadu Bello ai ka san ba za a bar manajoji biyu ba. Sai dai ku 'yan maketin da kuke riƙe da kwastomomi na gaske kun fi na cikin ofis tsira, don sabon mai gida kwastoman yake so. Ka rage cin bashin ma'aikata yanzu, don ranar sallama daga kuɗin sallamarka za a fara zare shi, kuma in an miƙo maka takarda an ce ka rubuta murabus da kanka kar ka sa hannu a tsaye, ka ce za ka je gida da ita ka nuna wa lauya tukuna.