Ga ƙanwarmu mai son binciken lafiyar iyayenmu mata

Assalamu alaikum ƙanwata. Tun jiya na ga tambayarki, na kasa wucewa. Kin ce kin gama digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, kina son na uku ya tsaya kan mata masu shekaru, daga daina haila zuwa sama. Malamin da zai duba aikinki kuma ya ce babu kuɗi a nan, babu mai karantawa, ki koma kan masu ciki da jarirai kamar kowa. Kika tambaya ko ki haƙura. Na san zafin wannan magana sarai, domin ita ake gaya wa duk wadda ta ɗauko wannan fanni. Kada ki haƙura. Amma kada ki shiga da ka.

Idan za ki koma wurinsa, ki je da hujja a takarda, ba da ɓacin rai ba. Babban binciken lafiya na ƙasa, NDHS, mata 'yan shekara 15 zuwa 49 yake yi wa tambayoyi. Da mace ta cika hamsin, sunanta kawai ke shiga jerin mutanen gida. Binciken SAGE na Hukumar Lafiya ta Duniya kan 'yan hamsin zuwa sama an yi shi a ƙasashe shida, biyu ne a Afirka, Ghana da Afirka ta Kudu. A Najeriya, aiki mai ƙwari a Ibadan aka yi shi: binciken tsufa na Farfesa Oye Gureje ya soma da mutum 2,152 'yan 65 zuwa sama a 2003 da 2004, duk a ƙasar Yarabawa, ga kuma binciken gigin tsufa na haɗin gwiwar Ibadan da Indianapolis tun 1992. Ki karanta su sosai, sannan ki tambayi malamin naki ina irinsu a ƙasar Hausa. Ki ƙara masa da cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 don tsufa cikin ƙoshin lafiya, kuma a 2021 ɗin gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsofaffi.

Sai dai gaskiya, yadda kika rubuta batun ya yi faɗi. "Lafiyar tsofaffin mata" aikin rayuwa ne, ba na shekara uku ba. Ki ɗauki abu guda: hawan jinin da ba a gano ba, ko faɗuwa da karaya, ko kuɓucewar fitsari da saukowar mahaifa ga matan da suka yi haihuwa da yawa, ko gigin tsufa.

Yanzu abin da ya fi ci mini rai, wanda ba ki tambaya ba. Mutanen da ke cewa babu amfani a wannan fanni, su ne za su fara miƙo hannu ranar da kika dawo da bayanan mata ɗari takwas. Za a riƙe miki babi wata shida ba a buɗe ba, sai ranar da maganar buga maƙala ta taso a ce ki kawo fayil ɗin gaba ɗaya a duba. Ki wayi gari ki ga aikinki a mujalla, sunanki na huɗu, na gaba kuma wanda bai taɓa taka zauren gida ko ɗaya ba. Ke kika sha rana, ke kika durƙusa gaban tsohuwa awa guda kina lallashinta, ke kika biya kuɗin mota daga albashinki. Idan kika yi magana a ce ba ki da ladabi, a tuna miki wa zai sa hannu a takardar ƙarin girmanki. Sai ki yi shiru, abin yana cin ki shekara da shekaru. Wallahi wannan ya kashe wa mata da yawa gwiwa fiye da rashin kuɗi. Don haka tun kafin ki auna mutum ɗaya, ki rubuta maƙalu nawa za su fito, wa zai zama na farko a kowacce, me kowa zai yi. Ki tura ta imel, a amsa ta imel. Takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike ta fito da sunanki a matsayin mai binciken. Bayananki ki ajiye wuri uku da kalmar sirri, wanda za ki bai wa kowa ki cire sunaye da adireshi.

Mu koma kan aikin. Shekaru ne za su fara kayar da ke. Iyayenmu da yawa ba su da takardar haihuwa, abin da ke katin zaɓe kuma kintace ne. Idan kika karɓi abin da aka gaya miki, za ki tarar kowa 60 ne ko 70 ko 80, kuma mai tantance maƙala zai gane da kallo ɗaya. Ki haɗa jerin abubuwan da suka faru: samun 'yancin kai a 1960, kashe Sardauna a 1966, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, fitowar naira a 1973, kashe Murtala a 1976, rikicin Maitatsine a Kano a 1980. Ki je wurin mai unguwa ki ƙara na garin, kamar mutuwar hakimi ko shekarar fari. Kada ki ce mata shekararki nawa. Ki ce, "Baba, lokacin da aka kashe Murtala an kai ki ɗaki? Wa kike goyo?" Sai ki haɗa da shekarun ɗanta na fari.

Gwajin ƙwaƙwalwa ma haka. Gwajin da aka saba yi, MMSE, yana neman ta rubuta jimla, ta kwaikwayi zane, ta riƙa cire bakwai daga ɗari, ta faɗi kwanan wata. Matar da ta haddace izu goma kuma take riƙe da lissafin adashin unguwa a kanta za ta faɗi wannan gwaji, ki rubuta ta cikin masu gigi, kin zalunce ta. Ki nemi gwajin CSI-D da aka yi amfani da shi a Ibadan, wanda ke haɗawa da tambayar wani na kusa da ita, ko IDEA da aka tsara a Tanzaniya don waɗanda ba su yi boko ba, mai jera tsinken ashana da lissafo sunayen dabbobi cikin minti ɗaya. Ki sa mutum ɗaya ya mayar da tambayoyin Hausa, wani daban ya mayar da su Turanci, ku gwada, sannan ki jarraba a kan mata ashirin ko talatin. Idan kika ce "zafin jiki" kina nufin zafin da ke tasowa bayan daina haila, zazzaɓi za ta ɗauka. Idan kika ce "yoyon fitsari" za ta ce Allah ya kiyaye, alhali tana jiƙa zani duk lokacin da ta yi tari. Ki tambaye ta ko alwalarta na riƙewa. Ki tambaye ta ko tana sallah a tsaye, ko tana iya sujada, ko tana iya tsugunno a banɗaki ta miƙe da kanta.

Awon hawan jini: ta zauna minti biyar, a auna sau uku, ki ɗauki tsaka-tsakin biyun ƙarshe. Ki tafi da maɗaurin hannu babba da ƙarami. Gwajin tashi da tafiya kuwa, ta tashi daga kujera, ta yi mita uku, ta juyo ta zauna. Daƙiƙa 12 ko fiye alama ce ta haɗarin faɗuwa. Ki ɗauki kujerarki guda ki riƙa yawo da ita, domin a gidaje da yawa tabarma ce da kujera 'yar tsugunno, kuma idan tsayin kujera ya bambanta awon ya lalace. Wadda bayanta ya ranƙwafa, tsayinta a tsaye ba zai ba ki gaskiya ba, ki auna tsawon gwiwa zuwa diddige.

Masu tambaya su zama mata, kuma ba 'yan yara ba, tsohuwa ba za ta yi maganar matancinta da sa'ar jikarta ba. Izinin mai unguwa da na babban ɗa yana buɗe miki ƙofa ne kawai, yardar tata ce, ta dangwala yatsa gaban shaidar da ba ya cikin ayarinki. Surukar da ta zauna kusa tana amsawa a madadinta, ki nemi hanyar ladabi ki ɗaga ta. Sai ɗaki ya zama ku biyu za ki ji wadda aka bar wa marayu biyar, da wadda aka cinye wa gado, da wadda ta soma mantuwa ana ce mata mayya yara suna gudunta. Wannan na ƙarshe yana karya mini zuciya ƙwarai. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, mace ta ƙare rayuwarta a ƙuryar ɗaki ana tsoron ta.

Kada ki fita ba ki shirya inda za ki tura marasa lafiya ba. Jini ya kai 180 bisa 110, asibiti a ranar. Wadda ta shekara ba haila sannan ta ga jini, ko ɗigo ne, sai an duba mahaifa da bakinta saboda daji. Ki sa kuɗin motarsu a cikin kasafinki. Ki kauce wa watan azumi, ki kuma bar mai takaba ta fita tukuna.

Adadin matan da za ki ɗauka: lissafin da aka saba yana ba da 384, idan unguwa-unguwa kika zaɓa ki ninka biyu, ki ƙara don waɗanda za su ƙi, kin tasam ma 850. Idan aljihunki ba zai ɗauka ba, ki rage tambayar, kada ki rage inganci. Ki cike amsoshin ta waya da manhajar KoboToolbox, takarda tana ɓata. Kuɗi kuwa, in ke ma'aikaciyar jami'ar gwamnati ce ki fara da ƙaramin tallafin bincike na TETFund da ake nema ta makarantarku. Kafin ya fito, ki nemi bayanan SAGE na Ghana, ana bai wa masu bincike, ki fitar da maƙala ɗaya daga ciki a mujallar da ake samu a PubMed, rumbun maƙalun lafiya na intanet. In kan gigin tsufa kika tsaya, ki duba shirin GBHI na lafiyar ƙwaƙwalwa da ke San Francisco da Dublin, ki kuma rubuta wa cibiyar kula da tsofaffi ta asibitin koyarwa na Ibadan, wadda aka buɗe a 2012, ki nemi mai duba aiki na biyu.

Ki gaya mini, a asibiti za ki ɗauki matan ko gida-gida za ki bi? Wadda ta iso asibiti tana da mai kawo ta da mai biya mata, kuma wannan kaɗai zai canza duk abin da za ki samu.