Amsar tambayar log₂(1/8), daga ina mainos ɗin yake fitowa

Wa alaikumus salam ƙanwata, na ga tambayarki, kin ce log₂(1/8) ya tsaya miki a wuya kuma kin rasa inda mainos yake fitowa a amsar. Na daɗe ina koyar da 'yan SS2 da masu shirin WAEC a lesin, wallahi nan ne yara suka fi tuntuɓe, ba ke kaɗai ba ce.

Abin da nake fara faɗa musu shi ne log tambaya ce kawai. In kin ga log₂(1/8) ana tambayarki ne 2 ɗin nan fawa nawa za a ɗora masa ya ba da 1/8. To 8 ai 2×2×2 ne, wato 2³, kuma duk lambar da ta koma ƙasan layi fawarta mainos take komawa, don haka 1/8 = 2⁻³, amsa −3, shi ke nan. Haka log₃(1/81) zai ba ki −4, log₁₀(1/1000) kuma −3.

Akwai dokar da ta ce log(a/b) = log a − log b, ita ma tana aiki, log₂1 sifili ne, log₂8 uku ne, 0 − 3 = −3. Amma don Allah ki kula, ragewa ake yi ba rabawa ba. Akwai wata ɗalibata da ta fito gaban allo ta rubuta log 1 ÷ log 8 ta samu sifili tana murna, sai na miƙa mata alli na ce to ɗora wa 2 fawa sifili mu gani, ta samu 1 ba 1/8 ba, ta yi shiru can ta goge da hannunta, tun ranar ba ta sake wannan kuskuren ba. Shi ya sa ni na fi son a fara da hanyar fawa kafin a haddace doka.

Wanda ya fi wuya irin log₄(1/8) ne, don 8 ba ya fitowa daga 4 kai tsaye, sai ki kira amsar x, wato 4ˣ = 1/8, ki mai da su duka gidan 2, 4ˣ ya zama 2²ˣ, 1/8 ya zama 2⁻³, 2x = −3, x = −3/2.

In bes ɗin, wato 'yar lambar da ke gindin log kamar 2 a log₂, ya fi 1 kuma abin da ke cikin log ɗin bai kai 1 ba dole amsa ta zo da mainos, in ba ki gan shi ba ki koma baya. Ki gwada log₅(1/125) da log₉(1/27) yau da dare ki turo min in duba miki.