Miliyan 3 a hannu: dala ko hannun jari?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka tara miliyan 3 daga aikin tuƙin da kake yi a Apapa, kana so ka san ko ka maida su dala ko ka zuba a hannun jari. Toh ni tambayata ɗaya ce tukuna, yaushe za ka nemi kuɗin nan? Don mu da muke ci-rani a Legas ka san kuɗinmu ba ya zama, yau a bugo daga gida ana neman na taki, gobe biki, jibi rufin ɗaki. Duk kuɗin da za a iya nema a wajenka nan da wata huɗu ko biyar kar ka kusanto da shi kasuwar hannun jari, kar ma ka kai shi wajen ƴan canji.

Maganar dala, mutane suna ta tuna yadda CBN ya saki naira a Yunin 2023 bayan cire tallafin mai, daga wajen 460 a farashin gwamnati dala ta haura 700 cikin ƴan kwanaki. Eh wanda yake riƙe da dala kafin nan ya ci, ba musu. Amma a Fabrairun 2024 da idona na ga ana rububin saye sama da 1,800 kowa na rantsuwa sai ta kai dubu biyu, Afrilu na zuwa ta faɗo wajen 1,100 da wani abu. Wani maƙwabcin rumfarmu a Mile 12 kuɗin sarin albasa ya zuba, da lokacin lodi ya yi dole ya sayar da asara don dillalin can gida ba dala yake karɓa ba, ga kuma ratar saye da sayarwa da ɗan canji ya riga ya cire tun ranar farko.

Ni da ni ne, miliyan ɗaya zan bari a bankin Musulunci irin Jaiz ko TAJ inda zan iya cira kowane lokaci. Kaso mafi tsoka in jira Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, DMO ofishin kula da basussukan gwamnati ke fitarwa tun 2017, na farkon biliyan 100 ne a kan 16.47%, ana shiga daga naira dubu 10, kuɗin haya ne na titunan da aka gina ba kuɗin ruwa ba kuma sau biyu a shekara ake biya. Sai dai fa kar a yaudare ka, hauhawar farashi ta kai 34.8% a Disambar 2024, kaga a irin wannan shekarar rage asara kawai ka yi.

Hannun jari kuwa da ragowar, kaɗan-kaɗan, kuma ka cire rai da shi na shekara uku aƙalla. Sunan kamfani ba ya isa, MTN da kowa ke sa wa kati ta yi asarar wajen biliyan 400 a 2024 saboda nauyin dala da ke kanta, shi ya sa kafin in sayi kamfani nake duba ko da dala ake bin shi bashi. In kana gudun bankunan ruwa da kamfanonin giya akwai jerin NGX Lotus Islamic, wato kamfanonin kasuwar hannun jarin Najeriya da suka dace da tsarin Musulunci, daga nan ka zaɓa.

Ka bi ta dillalin hannun jarin da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar, ta yi wa rajista, ya buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jarin da ka saya, da sunanka kai kanka irin yadda yake a BVN ɗinka, in harafi ɗaya ya bambanta ribar ƙarshen shekara maƙalewa take yi wajen rajistara mai riƙe da sunayen masu hannun jari, ka yi ta sintiri da fom. In ya gama ka ce ya turo maka lambar CHN ɗinka, wato lambar shaidarka a CSCS, ka ajiye.