Amsoshin Tambayoyinku: Wane Babur Ne Zai Kai Mutum Gembu Ya Dawo Da Shi?

Wani matashi daga Zariya ya rubuto cewa: "Mu shida ne, mun shirya idan damina ta ɗauke mu hau babura mu tafi Gembu, kan tsaunin Mambila. Biyar ɗinmu Boxer gare su. Kuɗin da na tara zai saya mini sabon Boxer ko TVS mai injin 150cc. Idan kuma na ci bashi na ƙara, zan samu babban babur na hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga waje. Raina ya fi kwantawa da babban. Me ka gani?"

Ƙanena, na san abin da ke jan ranka. Babban babur yana da kwarjini, kuma a kan kwalta mai kyau daɗinsa daban ne. Amma shawarata ita ce ka sayi irin na abokanka.

Dubi hanyar da za ku bi. Daga Gombe ku gangara Numan, ku shiga Jalingo, daga nan Bali, sai Serti, sai Mayo Selbe inda hawan tsauni yake farawa. A kowane gari cikin waɗannan akwai bakanike a gindin bishiya wanda ya kwance injin Boxer ya ɗaura har ba ya iya tuna adadi, kuma kusa da shi akwai mai shagon da ke da fulogi da sarƙa da wayar kuloci da tib. Kamfanonin Indiya irin su Bajaj da TVS sun cika ƙauyukanmu da baburansu, kayan gyaransu kuma sun bi su har lungu. Babban babur kuwa, tayarsa kaɗai za ta iya zaunar da kai mako guda a Bali kana jiran a saƙo ta a mota daga Kano ko Legas. Da yawansu ba kafireta gare su ba, famfo ne ke tura fetur da lantarki, kuma ba sa jure man 'yan bumburutu mai datti ko ruwa. Ƙaramin babur in ya sha irin wannan mai, a kwance kafireta a wanke, cikin rabin awa kun kama hanya.

Ga kuma abin da ya fi muhimmanci a wurina. Idan baburanku iri ɗaya ne, kayan da mutum ɗaya ya ɗauko na kowa ne. Wani ya riƙe tib biyu da kayan faci da famfo, wani wayar kuloci da fulogi, wani sifana da filaya da sukundireba, kaya ya yi sauƙi. Wata shekara wayar kulocina ta tsinke da yamma tsakanin Bali da Serti, babu gida kusa. Abokin tafiyata ya zaro tasa ta ajiya daga jaka, ta shiga daidai, kafin magariba muna cikin gari. Da baburanmu sun bambanta, da a dajin nan za mu kwana. Sannan gudu ma ya zo ɗaya. Mai babban babur a cikin masu ƙanana ko dai ya riƙa barin su a baya, ko ya wuni yana jan ƙafa ransa a ɓace.

Tsakanin Boxer mai injin 100cc da mai 150cc, ɗauki mai 150 saboda hawa. Saman Mambila ya kai kimanin mita 1,600, iska ba ta da kauri kamar ta ƙasa, don haka za ka ji inji ya rage ƙarfi. Ba lalacewa ba ce, kada ka bari wani ya taɓa maka inji a kan haka. Gangarowa ta fi hawa haɗari: ka sa giya ta biyu inji ya riƙe ka, kada ka danne birki tun daga sama har ƙasa, domin idan ya yi zafi sai ya daina kamawa.

Kuma kada ka fasa kwali yau ka kama hanya gobe. Sabon inji yana son a bi shi a hankali. Ka zagaya da shi cikin gari, ka juye baƙin man farko wajen kilomita 500, ka bari ya kusa 1,000, a ɗaure duk notin da ya saki. Bashin da ka yi niyyar ci ka bar shi. Abin da ya rage a hannunka ka sayi hular kwano mai rufe haɓa, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, ka kuma cika takardun babur da lasisi, don shingayen jami'ai a hanyar nan ba kaɗan ba ne.

Wani malamin makaranta daga Azare ya ce: "Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 komai ya yi tsada. Bakanikena ya ce baƙin man mota ma ya isa, ko na awo da ake zubawa a gora. Akwai matsala?"

Malam, akwai. A irin baburanmu, mai ɗaya ne yake wanke inji da giya da farantan kuloci. Wasu mayukan mota an zuba musu sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, kuma wannan santsin ne ke sa kuloci ya riƙa zamewa: ka murɗa totur inji ya yi ƙara, babur bai ƙara gudu ba. Ka nemi gorar da aka rubuta wa 4T, a jikinta ka ga JASO MA ko MA2, kaurinsa kuma irin wanda littafin baburinka ya faɗa, wanda galibi a yanayin zafinmu 20W-50 ne. Ka tabbata murfin bai taɓa buɗuwa ba. Na awo kuwa ba ka san asalinsa ba, wani tsohon mai ne aka tace. Kusan lita ɗaya injin ke ci gaba ɗaya. Kwatanta kuɗinta da na sauke inji a sa ring da fistin, ka ga inda arahar take. Kuma lokacin hunturu ka riƙa duba matatar iska kowane mako, don ƙurar da ta wuce ta ita ke cinye ring.

Ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwa a Kano: "Muna da aboki da muke tafiye-tafiye tare shekara da shekaru, amma ba ya kula da baburinsa. Kowace tafiya shi ke tsayar da mu. Wasu sun ce a daina gaya masa ranar tashi. Ni abin ya dame ni."

Alhaji, daidai ne da ya dame ka. Ban yarda a ɓoye masa ba. Mutumin da kuka ci a kwano ɗaya a bakin hanya, ya ji labarin tafiyarku a bakin wani, wannan ciwo ne da ba ya warkewa da wuri. Amma su ma masu ƙorafin suna da gaskiya, domin lalacewar da ta cinye awa biyu ita ke jefa ayari cikin tafiyar dare, kuma a halin tsaron da ake ciki babu mai son haka.

Kafin komai, ka same shi kai kaɗai ka tambaye shi. Sau da yawa abin da ake kira sakaci rashin kuɗi ne da kunyar faɗa. Idan haka ne, ku yi asusu, kowa ya riƙa zuba wani abu duk wata, a fitar masa da kuɗin taya ko sarƙa ba tare da an tara masa jama'a ba.

Sannan ku kafa doka da ta hau kan kowa, har da kai. Kwana biyu kafin tashi, duk babura su hallara wurin bakanike ɗaya. A taɓa sarƙa a tsakiya, wasanta kada ya wuce santimita 2 zuwa 3, a duba haƙoran da take hawa ko sun yi tsini. A gwada birki da fitila. A karanta lambobi huɗu na gefen taya: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022, kuma tayar da ta haura shekara biyar ko ta fara tsagewa a canza ta ko da zanenta bai cinye ba. Wanda baburinsa bai tsallake ba yana da yini guda ya gyara. In bai gyara ba, ya hau bayan wani ko ya jira ta gaba, kuma ba wanda zai ce an ware shi.

A kan hanya kuma ku sa shi na biyu a layi, bayan jagora. Wanda ya fi ku iya gyara ya zauna a ƙarshe da jakar kayan aiki, kowa kuma ya riƙa duba madubi ya ga fitilar na bayansa. Duk wanda ya daina ganinta ya tsaya a gefen hanya.