Hukuncin ciko, dashen haƙori da haƙorin Makka

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne, shekarata 52. Wata takwas ke nan da na yi hatsari a kan babur, haƙorana biyu na gaba na sama suka fita, ga kuma wani na ciki da ya daɗe da kogo, ko ruwan sanyi ba na iya sha ta wajensa. Likita ya ce na cikin zai yi masa ciko. Na gaban kuwa ya ba ni zaɓi uku: ko haƙorin roba da ake cirewa a mayar, ko a goge haƙora biyu da ke gefen giɓin a ɗora musu gada, ko kuma a dasa mini ƙarfe a ƙashi a ɗaura haƙori a kai. Wani abokina ya ce duk wannan canza halittar Allah ne, kuma an tsine wa masu goge haƙori. Shin haka ne? Idan na yi, yaya alwalata da wankana da azumina? Sannan ina da niyyar zuwa aikin Hajji, na so in sa haƙorin Makka a ɗaya daga ciki, ko ya halatta?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa abin da ya same ka ya zama kaffara.

Ka je ka gyara bakinka, ɗan'uwa. Ciko halal ne, kuma duk hanyoyin nan uku da likita ya lissafa maka halal ne. Magana ta rage a kan haƙorin Makka kawai, zan zo kanta.

Hadisin da abokinka ya ji gaskiya ne, wurin da ya ɗora shi ne ba daidai ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya yarda da shi, cewa Allah ya la'anci mata masu yin zane a fata da masu neman a yi musu, da masu tsige gashin gira, da masu buɗa tsakanin haƙoransu don kyau, masu canza halittar Allah. Lafazin da ya shafe mu shi ne "almutafallijati lil husni", ma'ana waɗanda suke sa a goge musu haƙora a buɗa tsakani domin ado. A wurinmu wannan shi ne mace ko namiji da Allah bai yi shi da wushirya ba, ya je a kankare masa lafiyayyun haƙora don ya samu. A zamanin da, tsofaffin mata kan yi haka don a ɗauka su 'yan mata ne. Imam Nawawi, da yake sharhin hadisin a Sahihu Muslim, ya tsaya a kan kalmar "don kyau" ya ce tana nuna abin da aka haramta shi ne wanda aka yi don neman ado, amma idan an buƙace shi don magani ko don wani aibi a haƙorin, babu laifi. To kai ba ado ka je nema ba. Allah ya halicce ka da haƙora a wurin nan, hatsari ya raba ka da su, kana so ka mayar da abu yadda yake. Ayar Suratun Nisa'i ta 119 da ta ambaci alkawarin Shaiɗan na umartar mutane su canza halittar Allah ba ta hau kan wanda yake mayar da halitta mazauninta ba.

Akwai ma nassi da ya fi wannan kusa da halinka. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun a jahiliyya. Ya sa aka ƙera masa hanci na azurfa, sai ya yi masa wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinariya. Dubi abin da ke cikin wannan. Mutum ya rasa gaɓa, ya sa ta ƙira a madadinta, ba a ce masa ya yi haƙuri ya zauna haka ba. Da ta farko ta ƙi, sai aka buɗe masa ƙofar zinariya, wadda a asali haramun ce ga maza. Tirmizi bayan ya kawo hadisin ya ƙara da cewa an ruwaito daga malamai fiye da ɗaya sun ɗaure haƙoransu da zinariya. A littattafan mazhabarmu ta Malikiyya ma haka yake: Shaihu Khalil a Mukhtasar, da ya faɗi haramcin namiji ya yi amfani da abin da aka yi wa ado da zinariya ko azurfa, sai ya toge Alƙur'ani da takobi da hanci da ɗaurin haƙori da zoben azurfa. Saboda haka zancen gyaran haƙori ba baƙo ba ne a fiƙihu, kayan aikin ne kawai suka sauya.

Zan ma ce a halinka gyaran ya wuce halacci kawai, abin so ne. Haƙoran gaba na sama su ne mafitar wasu haruffan Alƙur'ani. Harafin fa'un yana fita ne tsakanin leɓen ƙasa da bakin waɗannan haƙoran, haka sa'un mai ɗigo uku da zalun da za'un mai hannu, kan harshe ne ke taɓa su. Duk wanda ya taɓa bin limami mai giɓi a gaba ya san yadda iska ke kufce masa a "allazina". Sallarsa ta yi, domin Allah ba ya kallafa wa rai abin da ba ta iyawa, amma wanda ya sami hanyar gyarawa ya gyara, ya kyauta. Ga kuma tauna: wanda ba ya iya tauna abinci da kyau, cikinsa ne ke biyan bashin.

Game da zaɓi tsakanin ukun, wannan aikin likita ne da aljihunka, sai dai shari'a tana da ɗan abin cewa. Haƙori abu ne mai daraja a Musulunci, diyyar guda ɗaya raƙuma 5 ce, kamar yadda ya zo a takardar da Annabi ya rubuta wa Amru ɗan Hazm, wadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Ita gada, sai an rage jikin haƙora biyu na gefe an mayar da su kamar turaku kafin a kifa musu hula, kuma abin da aka goge ba ya sake tsirowa. Wannan gugar ba ita ce aka tsine a kanta ba, domin magani ce. Amma idan haƙoran gefen nan lafiyarsu ƙalau kuma kana da halin yin dashe, ni na fi karkata ga dashen, tunda ba ya taɓa maƙwabta. Idan babu hali, ko likita ya ce ƙashin bai isa ba, ko kana da ciwon suga da bai daidaita ba, to gada ko haƙorin roba duk babu komai. Kada ka ci bashin ruwa don ka yi dashe; wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Shi dashen, ƙusa ce ta ƙarfen da ake kira taitaniyom, ana huda ƙashin muƙamuƙi a murɗa ta, a bar ta wata uku zuwa shida har ƙashi ya kama ta, sannan a ɗaura haƙorin a kai. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Branemark ne ya fara yi wa mutum irin wannan a 1965. Ƙarfen tsarkakakke ne, babu magana a kansa. Inda nake so ka buɗe ido shi ne nan: wata takwas da fitar haƙori, ƙashin wurin yakan zaizaye, sai likita ya ce zai ƙara garin ƙashi ya rufe da wata 'yar fata kafin ya dasa. Wannan garin wani daga jikinka ake ɗebo shi, wani na haɗi ne da ake yi a masana'anta, wani daga ƙashin shanu, wani kuma daga alade, ita ma 'yar fatar sau da yawa daga alade ake yin ta. Ka tambaya da bakinka, kada kunya ta hana ka, a kwalin ana rubuta asalinsa. Matuƙar akwai na jikinka ko na haɗi, to ba ka da uzurin karɓar na alade. Sai fa idan amintaccen likita ya tabbatar babu wani da zai yi aikin, a nan hukuncin lalura ya shigo.

Cikon haƙorin ciki ba ya buƙatar dogon bayani. Ko farin ne mai kalar haƙori, ko baƙi-baƙin nan da mutane ke ce wa na azurfa, wanda haɗi ne na azurfa da zaiba da wasu ƙarafa, duk ya halatta ga namiji da mace, domin toshe rami ne ba ƙawa ba. Haka idan ɓarnar ta kai jijiya aka ce sai an kashe ta an wanke ramin an kifa hula. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne masu cire haƙori a bakin kasuwa, da filaya ɗaya da ɗan kwanon ruwa, daga wannan baki zuwa wancan. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Kuma Annabi ya ce wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, to shi ne mai lamuni, Abu Dawud da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito.

Alwala da wanka: a Malikiyya kurkurar baki sunna ce a cikinsu duka biyun, ba farilla ba, don haka tun daga tushe babu abin da zai ɓaci. Ko a wurin Hambalawa da suka wajabta ta a duka, da Hanafawa da suka wajabta ta a wankan janaba, abin da aka kafe a baki ya ɗauki hukuncin haƙorin asali, ruwa ya bi ta kansa ya isa. Ba a ce wa Arfaja ya riƙa cire hancinsa duk alwala ba. Haƙorin roba ma ba dole ka cire shi ba. Ka dai riƙa cire shi da dare kana wankewa, don abinci na maƙalewa a ƙarƙashi, kuma warin baki yana cutar da na kusa da kai a sahu.

Azumi kuwa, allurar kashe zafi da ake yi a dasashi ba ta karya shi, haka huda haƙori da cikawa da cirewa, matuƙar ba ka haɗiyi ruwa ko jini ko magani ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zartar da haka a zamanta na 10 a Jidda a 1997. Sai dai duk wanda ya taɓa kwanciya a kujerar nan ya san yadda take: kai a baya, baki a wangame, injin yana feshin ruwa, ɗan bututu yana zuƙewa amma ba ya kwashe duka, maƙogwaro kuma yana so ya motsa da kansa. A mazhabarmu ruwan da ya rinjayi mutum ya wuce maƙogwaro a azumin farilla yana jawo ramuwa, ko da ba kaffara. Shi ya sa Khalil ya lissafa maganin ɓacin haƙori da rana a cikin abubuwan da aka karhanta wa mai azumi, sai idan ana tsoron cutuwa. Aikinka ba na gaggawa ba ne, ka tsara shi kafin Ramadan ko bayan salla, ko bayan shan ruwa. Wanda ciwo ya hana shi barci, kunci ya kumbura, shi kam ya je da rana, idan wani abu ya wuce ya rama yini ɗaya.

Saura haƙorin Makka. Na san al'ada ce da ta daɗe a ƙasar Hausa, alhaji ko hajiya ta dawo, a yi murmushi a ga ƙyalli a san an sauke farali. Amma ga namiji, idan zinariya ce, haramun ne, domin Annabi ya ce an halatta zinariya da alhariri ga matan al'ummarsa, an haramta su ga mazanta. Rangwamen da aka yi wa Arfaja saboda babu abin da zai maye gurbinta ne, azurfa ta riga ta yi wari. Kai kuwa likitanka yana da haƙori fari na tangaran da ba ya wari ba ya tsatsa, kuma ya fi kama da wanda ka rasa, to ina lalurar? Idan na azurfa ne ko wani ƙarfe mai ruwan zinariya, abin ya fi sauƙi a wurin wasu malamai, amma ni ba na ba ka shawararsa. Dalili na farko, abin da Malikiyya suka sauƙaƙa wa namiji na azurfa don ado shi ne zobe. Na biyu kuma ya fi nauyi a wurina: mene ne aikin wannan haƙorin in ba sanar da mutane ka je Hajji ba? Ban ce duk wanda ya sa mai riya ba ne, zukata na hannun Allah, da yawa sun taso sun ga ana yi ne kawai. Amma ibadar da ka zuba mata dukiya da ƙarfi, bai kamata ka rataya mata allo a baki ba.

Mace ita an halatta mata zinariya, don haka idan ta sa ba a ce ta yi haramun ba, da sharaɗin kada a kankare mata lafiyayyen haƙori don hular ta zauna, domin a nan ta koma cikin hadisin Ibnu Mas'ud. Kuma irin hular da ake turawa a kan haƙori a tsaitsaye cikin shago, ba tare da awo ba, takan bar ƙofa a gindi, abinci ya riƙa shiga, bayan 'yan shekaru a cire a tarar haƙorin ya ruɓe a ciki.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma iyalai kan zo da shi ranar rasuwa. Haƙorin roba ana zare wa mamaci idan ya fita cikin sauƙi. Dashe da gada da ciko ana barinsu, ba a taɓawa, domin Nana A'isha ta ruwaito cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Na zinariya kuwa dukiyar magada ce, idan zai ciru ba tare da an yi wa gawa rauni ba sai a cire, idan ba zai ciru ba sai da ƙarfi, a binne shi da abinsa.

Wallahu a'alamu.